Horon Injin Jirgin Ruwa Bayan An Ɗaure Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa sauke injin jirginsa ya san nauyin abin. An kwance inji, an kai bulo wurin masu gogewa, an sayi sabon fistin da zobba da boris da gasket, jirgi ya yi mako biyu ko uku a ɗaure a bakin ruwa ba ya kawo ko sisi. Ranar da bakanike ya gama ɗaure shi, wato sake haɗa shi, ya ja igiya inji ya amsa, ba abin da mai jirgi yake so sai ya ɗebi lodi ya kama hanya. A nan ne ake yawan asarar aikin da aka biya kuɗi aka yi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jirage da matuƙa suka fi yi mini, musamman masu injin rataye irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 ko 75, wanda shi ya cika ruwan Kwara daga Gaya zuwa Yawuri da tafkin Kainji har Lokoja.

Mene ne horon inji, kuma me ya sa sai an yi shi?

Idan aka gyara silinda, ba a barin bangonta sumul kamar madubi. Da gangan ake goge shi da dutse har ya fito da wani siririn zane mai gilma juna, kamar saƙar tabarma. In ka sa farce za ka ji ɗan kaushi. Kwarin zanen shi ne ma'ajiyar mai, tudunsa kuma shi ne zai ci bakin sabon zobe, zoben ma ya ci shi, har su dace da juna yadda iska ba za ta tsere ta tsakaninsu ba. Wannan cin juna shi ake nufi da zaman zobe, kuma yawancinsa a awannin farko yake faruwa. Kaushin nan ba ya daɗewa. In ya ƙare zobe bai zauna ba, to ba zai zauna daga baya ba, sai dai a sake kwance inji a sake gogewa.

Horo ke nan: ka ba zobe damar zama kafin kaushin ya tafi, ba tare da ka bar zafi ya kumbura fistin ya cije a cikin silinda ba.

Bakanikena ya ce in bar shi yana silo, wato yana aiki a mafi ƙarancin juyi babu giya, a bakin tasha yini guda. Hakan ya isa?

Bai isa ba, illa ma yake yi, kuma wannan ita ce shawarar da na fi son a daina bayarwa. Niyyar mai ba da ita kyakkyawa ce, yana tausayin inji ne, amma tausayin ya sauka inda bai dace ba.

Ba taurin ƙarfensa kaɗai ke manna zobe a bangon silinda ba. Idan wuta ta tashi a saman fistin, iskar da ta fashe tana zagayawa ta bayan zobe ta tura shi waje da ƙarfi. Gwargwadon nauyin da inji ke ja, gwargwadon ƙarfin turawar. Injin da ke silo babu giya ba ya jan komai, saboda haka zobe shafar bango kawai yake yi. Ga shi kuma injin bai yi zafin kirki ba, mai yana ƙonewa rabi da rabi yana cike kwarin zanen nan, har bango ya yi wani santsi mai launin zuma. Na sha buɗe inji in tarar da haka: silinda tana sheƙi, zobba sababbi fil kamar ba a taɓa tayar da su ba, mai jirgi kuwa yana kukan injin ba ya ja, yana wuyar tashi da safe.

Silo yana da wurinsa. Minti goma na farko ne, don mai ya kai ko'ina, ƙarfe ya ɗumama a hankali, kai kuma ka duba ruwan sanyaya inji yana fitowa, babu yoyo, babu baƙon ƙara. Daga nan a sa giya a shiga ruwa. Tayar da inji a cikin durom ma ba horo ba ne, gwaji ne kawai. Kuma kada a kuskura a tayar da shi a busasshe ko na ɗan lokaci, don robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙu.

To yaya zan raba awannin?

Ga injin da ake haɗa masa mai da fetur, wato mai bugu biyu, littafin Yamaha ya ware awa 10, kuma tsarin da ya bayar na sabon inji shi ne ya dace da wanda aka sake wa fistin da zobba.

Bayan minti goman nan na silo, sauran minti 50 na awar farko kada totur ya wuce rabi, wato wajen juyi 3,000 a minti. A awa ta biyu kana iya kaiwa kashi uku cikin huɗu, wajen juyi 4,000. A cikinta ne za ka fara buɗe totur gaba ɗaya na minti ɗaya, sannan ka sassauta na kamar minti goma inji ya huce, ka sake. Daga awa ta uku zuwa ta goma ka yi tafiyarka, amma kada ka riƙe totur a ƙarshe fiye da minti biyar a jere.

Abin da ya ɗaure duka wannan shi ne sauya gudu. Kada hannunka ya kwanta wuri ɗaya. Ka ɗaga, ka sauke, ka tsaya a tsakiya, ka sake ɗagawa. Ɗagawar tana matse zobe a bango, saukewar tana ba shi sarari ya huce. Matuƙin da ya saba da doguwar hanya yakan kafa totur ya jingina, ya yi awa guda a haka. A kwanakin horo sai ya haƙura da wannan hutun.

Ba ni da agogon juyi, ba ni da na ƙirga awa. Yaya zan yi?

Riƙon totur ya ishe ka: ka sa alama da fenti a rabi da kuma kashi uku cikin huɗu. Awa kuwa, agogon waya da ɗan littafi. Ka rubuta lokacin tayarwa da lokacin kashewa a kowace fita. Kwana ba ma'auni ba ne, don mai fito tsakanin gaɓa biyu yana iya yin mako bai cika awa goma ba, mai doguwar hanya kuwa ya cika ta cikin kwana biyu.

Nawa zan zuba mai a fetur a lokacin horo?

Ninki biyu na yadda aka saba. Yawancin Enduro suna tafiya a kan haɗin 50 da 1, a lokacin horo kuma 25 da 1. A lissafin jarka: lita 25 na fetur, lita 1 na mai. Jarka mai lita 20, mililita 800. Bayan awa goma sai a koma rabin lita a lita 25, ko mililita 400 a lita 20. Akwai injinan da haɗinsu ya bambanta da wannan, akwai kuma masu tankin mai daban da famfon da ke zubawa da kansa. Irin waɗannan a bi abin da littafinsu ya ce.

Wasu suna jin ƙyashin ƙarin man. Mu yi lissafi. In ka ƙona lita 100 na fetur a cikin horon, haɗin 25 da 1 zai ci lita 4 na mai a maimakon lita 2. Lita biyu ne kacal bambancin. Ka kwatanta kuɗinsu da kuɗin fistin guda.

Kada kuma a wuce gona da iri a ce tunda mai gata ne bari a ƙara. Haɗin da ya fi haka kauri yana toshe fulogi, yana tara baƙi a ramin zobe. A auna da mazubi mai alama, ba da ido ba. A fara zuba ɗan fetur a tanki, a zuba mai, a girgiza, sannan a cika.

Batun irin man kuwa, a nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Shi aka yi wa injin da ruwa ke sanyayawa, yana ƙonewa ba ya barin toka. Baƙin man mota ba a yi shi don a ƙona ba. Yana barin gawayi a kan fistin, yana manne zobe a raminsa. Man awo na bakin hanya da ba a san asalinsa ba, ko da za ka yi kasada da shi wata rana, kada ka yi ta a awa goman nan.

Injina ba shi da baƙin man da ake juyewa. Wane mai kuma zan canza da wuri?

Man giya, na can ƙasa wajen farfela. Shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke nutse a ruwa dare da rana. In an taɓa giyar a lokacin gyara, ko an sa sabon haƙori ko boris ko sil (robar da ke hana yoyo), a juye shi bayan awa 10 zuwa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 100. Ko ba a taɓa ta ba ni nakan ce a juye, don jirgin da ya daɗe a ajiye ba a san abin da ya shiga ba. Man shi ne SAE 90 na giya, kuma a inji mai doki 40 abin da take ci bai kai rabin lita ba.

Zubawar tana da ƙa'ida. Ramuka biyu ne, na sama da na ƙasa. Ta na ƙasa ake tura mai har sai ya ɓullo ta na sama, a fara rufe na sama, sannan a zare mazubi a rufe na ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tare shi, ya ɗauka ta cika alhali da saura. Ƙananan washa na kan kowane noti a sa sababbi, don ta nan ruwa ke samun ƙofa.

Injina mai bugu huɗu ne, wanda ba a haɗa masa mai da fetur. Yaushe zan juye baƙin mai na farko?

Ga sabon inji daga kamfani, Yamaha da yawancin takwarorinta sun sa awa 20, sannan duk awa 100. Horonsa ma awa 10 ne: awar farko kada a wuce rabin totur, wajen juyi 2,000, ta biyu wajen 3,000, sauran takwas ɗin kuma ba a riƙe ƙarshen totur fiye da minti biyar.

Amma injin da aka ɗaure a garejinmu ba kamar na kamfani ba ne, kuma faɗin haka ba raina bakanike ba ne. Muna aiki a ƙarƙashin rumfa, iska tana kawo ƙura, balle a hunturu. Akwai ragowar garin dutsen gogewa a bangon silinda, akwai ɓurɓushin tsohon gasket, akwai man shafawa na lokacin haɗawa. Don haka ra'ayina shi ne a juye sau biyu: na farko bayan awa biyu zuwa biyar, tare da filta, na biyu a awa 20, shi ma tare da filta. Daga nan a bi littafi.

Duk wanda ya san injin niƙa ya san dalilin. In aka wasa faranti, mai hankali ba ya fara zuba hatsin mutane. Dusa yake fara niƙawa ta kwashe garin ƙarfe, ya zubar. Man farko na injin da aka ɗaure shi ne dusar nan. Filta tana kama manyan ɓurɓushi, amma mafi laushi suna wucewa su yi ta zagayawa ta cikin boris.

A juye shi da ɗuminsa, bayan an dawo daga tafiya, lokacin da dattin yake yawo a cikin mai bai kwanta a ƙasa ba.

Me zan duba a cikin man da na juye?

Wannan ita ce rabin fa'idar juyewa da wuri, kuma yawancin mutane suna barin ta ta wuce su. Kada ka tari man a tsohuwar jarka mai datti. Ka samo farin kwano mai tsabta, ka tara a ciki, ka fito da shi rana ka karkata shi.

A juyin farko za ka ga wani ƙyalƙyali mai laushi yana yawo a ciki, kamar an barbaɗa garin kwalli. Ka murza tsakanin yatsa biyu. In ba ka ji komai ba sai santsi, wannan garin zaman zobe ne, babu damuwa, kuma a juyi na biyu ya kamata ya ragu sosai. In ka ji tsaki-tsaki yana sukar yatsa, ko ka ga ɓawon ƙarfe da ido ke iya rabewa, ko wani mai launin jan ƙarfe ko tagulla, to boris ne ko metal ke cinyewa. Kada ka sake tayar da injin. Ka kai wa bakanike kwanon yadda yake ya gani da idonsa.

Notin ƙasa na giya yana da mayen ƙarfe a bakinsa. Ɗan baƙin laushi kamar toka a kansa ba komai ba ne, a goge a mayar. Gutsattsari masu kaifi kuwa haƙorin giya ne ke karyewa.

Sai launi. Man da ya fito fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa ne ya shige shi. A giya, mafi yawan lokaci sil ɗin bayan farfela ne, kuma abin da ke yanka shi zaren koma ne ko igiyar fatsa da ta naɗe a jikin sandar. A ruwan da masunta suka cika, cire farfela a duba bayanta aiki ne na kowane mako. In a baƙin man inji ne ka ga wannan launin, zargi na farko gasket ɗin kai ne.

Ka kuma sansana. Warin ƙuna yana nuna zafi ya yi yawa. Warin fetur kuma ga bayaninsa a tambaya ta gaba.

Sandar awo tana nuna mai yana ƙaruwa, ni kuwa ban ƙara ba. Lafiya?

Ba lafiya ba. Fetur ne ke sulalewa ta gefen zobban da ba su zauna ba yana gauraya da mai, ya tsinka shi. Yawan silo da tafiyar hawainiya ke kawo haka, da kuma injin da ba ya yin zafin da ya kamata. A nan ne cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ke cutarwa. Wasu suna cire shi da tunanin ƙasarmu ƙasar zafi ce, sun manta injin jirgi ruwan kogi yake sha kai tsaye, kuma ruwan Kainji a watan Janairu da asuba ba ɗumi gare shi ba. A mayar da tamostat, a juye man, a fita a ba injin aiki na gaske.

Baƙin man roba mai tsada, wato synthetic, ya fi kyau ga horo?

Mafi yawan masu ɗaure inji sun fi son man gargajiya a awannin farko, daga baya a koma na roba in ana so. Tunda man nan zubar da shi za a yi bayan 'yan awanni, babu dalilin sayen mai tsada. Abin lura shi ne kaurin da littafi ya faɗa, galibi 10W-30 ko 10W-40, kuma a rufe yake daga kamfani.

Injin cikin jirgi fa, na gas ko wanda aka ɗauko daga mota?

Dokar ɗaya ce, sai dai injin gas ya fi kowa ƙin silo a lokacin horo, don bangonsa yana saurin yin santsin nan. Yanmar, masu injin gas na cikin jirgi, ta sa juyin farko na mai da filta a awa 50. MerCruiser, masu injin fetur na cikin jirgi, horonsu awa 20 ne: goman farko ba a wuce kashi uku cikin huɗu na totur, ba a kuma daɗewa a ƙasa da juyi 1,500. Ga wanda aka ɗaure a gida, a nan ma a ƙara juyi ɗaya na wuri.

Akwai hali guda da ko silon minti goma ba a yi. In an sa sabon kamshaf a tsohon samfurin inji mai tafet masu shafaffen ƙasa, da ya tashi ake kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a riƙe shi minti 20 zuwa 30 ana ɗan sauyawa, saboda fantsamar mai ce ke jiƙa kamshaf ɗin, a silo kuwa ba ta isa. Ka tambayi bakanikenka ko injinka na cikinsu tun kafin a tayar.

Zan iya ɗaukar lodi ko fasinja a kwanakin nan?

Lodi matsakaici yana da amfani, shi ne ma abin da zobe ke buƙata. Cikakken lodin ranar kasuwa kuwa a'a. Mota tana samun gangara ta huta, injin jirgi ba ya samu. Tun daga tashi har isa turin ruwa yake yi, kamar mai hawan tudun da ba ya ƙarewa. In jirgi ya nutse da kaya, totur yana buɗe amma juyi ya kasa hawa, zafi yana taruwa a kan fistin ɗin da bai gama sabawa da ɗakinsa ba.

Na taɓa ɗaure wa wani bawan Allah mai doki 40. Kwana biyu da karɓa ya cika jirgi da buhunan albasa, ya tasar wa kasuwa da totur a ƙarshe don kada a riga shi. Ba su yi nisa ba injin ya yi wani ƙugi ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Da sanda da filafili suka kai gaɓa. Da na buɗe, gefen fistin na wajen fitar hayaƙi ya narke ya shafu a bangon silinda kamar an goga dalma. Na ji zafin abin har raina, don aikin ya yi kyau, awa bakwai kawai ya rage masa.

Fasinja kuwa, ni ba na son a ɗauke su a awa biyun farko ko kaɗan. Lokacin ne duk wani kuskuren ɗauri ke bayyana, kuma mutuwar inji a tsakiyar ruwa da mata da yara ba abin gwaji ba ne. A yi waɗannan awanni kusa da gaɓa, mutum biyu ko uku, kowa da rigar ruwa, da filafili a ciki.

A duba farfela ma. Mai doki 40 na Enduro an yi shi ya kai juyi 4,500 zuwa 5,500 in totur yana ƙarshe. Farfelar da ta fi ƙarfinsa tana danne shi daidai da yadda lodi ke yi.

Waɗanne alamu ne in na gani zan kashe nan take?

Fitsarin inji, wato siririn ruwan sanyayawa da yake fitarwa, ya tsaya ko ya koma ɗigo. Juyi ya faɗi da kansa ba ka taɓa totur ba. Ƙarar ƙarfe mai ƙwanƙwasa. Kan inji ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba. Idonka ya riƙa komawa kan fitsarin nan a kai a kai, don leda ɗaya ko guntun kainuwa ya isa ya toshe mashigar ruwa, a wurare masu yashi kuma famfo yana tsotsar rairayi.

Yawan hayaƙi a mai bugu biyu ba alamar matsala ba ne a wannan lokaci, ninkin man ne. Fulogi ma zai riƙa yin baƙi, sai a tafi da na ajiya.

Me ya kamata in tambayi bakanike kafin in karɓi injin?

Tambaya ɗaya ta fi sauran: me ya kashe shi tun farko? Fistin ba ya narkewa haka kawai. Ko kafireta ta toshe tana ba silinda ɗaya fetur kaɗan, ko robar famfon ruwa ta gaji, ko sil ɗin karanshaf yana shan iska, ko fetur ne mai ruwa. In an sa sabon fistin ba a gano wannan ba, abin da ya ci tsohon yana nan yana jiran sabon. A wanke kafireta, a sa sabuwar robar famfo, a wanke tanki da tiyo.

Ka kuma tambaye shi ko ya auna tazarar bakin zobe, ko an kashe kaifin bakin tagogin silinda bayan gogewa, da kuma ranar da zai sake bin notin kai da sifana mai awo. A injina da yawa sabon gasket yana ɗan kwantawa bayan ya sha zafi da sanyi.

Ta yaya zan san horo ya yi kyau?

Inji zai riƙa tashi da jan igiya ɗaya ko biyu, silo ya daidaita, ƙarfi ya ƙaru a hankali har ka ji shi a hannu. Bakin fulogi ya koma launin ƙasa-ƙasa bayan an dawo haɗin 50 da 1. In ana son tabbaci, a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Lambar kanta ta danganta da irin inji, abin dubawa shi ne kada bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka rubuta lambobin a littafin nan naka, don in an sake aunawa baɗi a sami abin kwatantawa.

Ina zan kai tsohon man?

Ba cikin kogi ba, ba kuma kan yashin gaɓa ba, don ruwa zai cika ya ɗebe shi. Daga wannan ruwan ake kama kifin da muke ci, a cikinsa ake shayar da shanu, mutanen ƙauyukan ƙasa kuma shi suke ɗiba. Shi ya sa ake juye mai bayan an sauke inji a tudu, da kwano a ƙasa da buhu a shimfiɗe. Bayan an gama dubawa a zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu tara shi a gareji. Filta ma a kife ta a kwanon ta tsane kafin a jefar.